Gwajin Jini Kan Tsutsotsi: Abin da Yake Nunawa da Abin da Ba Ya Nunawa

A birnin Sakkwato, kamar sauran manyan biranen Arewa, gwajin jini ya samu daraja ta musamman a idon jama'a. Majinyacin da aka ɗebi jininsa yakan koma gida da natsuwar cewa an binciki ciwonsa da gaske. Wanda kuwa aka miƙa wa 'yar roba aka ce gobe ya kawo bayan gida, sau da yawa kunya da ƙyanƙyami kan hana shi dawowa, wani ma ya ɗauka rena masa ciwo aka yi. Daga nan ne ake yawan tambaya: tun da jini yana nuna maleriya da ciwon hanta, me zai hana a duba tsutsa a cikinsa kowa ya huta?

Gwajin jini na tsutsotsi akwai shi, kuma a wasu cututtukan babu abin da ya kai shi amfani. Sai dai yawancinsa ba tsutsar yake gani ba, martanin da jiki ya mayar mata yake gani. Wannan bambanci ne ke raba inda gwajin ke ceton rai da inda yake jawo asarar kuɗi da shan maganin da ba a bukata.

Ma'anar wasu kalmomi

Garkuwar jiki ita ce tsarin da Allah Ya sanya wa ɗan Adam don yaƙar duk wani baƙon abu da ya shige shi. Idan tsutsa ta shiga, wasu ƙwayoyin jini farare kan ƙera wani sinadari da ya dace da ita, ya manne mata don a gane ta a far mata. Wannan sinadari shi ake kira antibodi. Ɓurɓushin jikin tsutsar, ko abin da take fitarwa, wanda ya tayar da garkuwar, shi ne antijin. Neman antibodi a cikin ruwan jini, wato ruwan nan mai launin rawaya-rawaya da ke tasowa sama bayan jini ya daskare, shi likitoci ke kira saroloji.

Idan makiyayi ya wayi gari ya ga sawun kura a bakin garke, ya tabbata kura ta zo. Amma sawun ba zai gaya masa ko tana nan laɓe a kusa ba, ko ta yi nisa tun tsakar dare. Antibodi sawu ne. Antijin, da ƙwan tsutsa, da 'ya'yanta da ake gani a madubin likita, su ne shaidar cewa tana nan.

Jama'a sun riga sun saba da nau'o'in biyu ko da ba su lura ba. Gwajin maleriya na gaggawa, wanda ake ɗiga jini a kan 'yar farar roba a jira layi ya fito, antijin yake nema. Gwajin Widal na taifod kuwa, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro a 1896, antibodi yake nema. Shi ya sa yakan nuna alama a jikin mutanen da suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar a baya, ko da zazzaɓinsu na yau ba taifod ba ne.

Waɗanne tsutsotsi ake nufi?

Masana sun kasa tsutsotsin da ke rayuwa a jikin mutum gida biyu: masu faɗi da mulmulallu. Tsila da tsutsar da ke haddasa tsargiya masu faɗi ne, ba su cikin wannan bayani. Mulmulallun su ma sun rabu.

Na farko su ne mazauna hanji waɗanda ake ɗauka daga ƙasa. A cikinsu akwai macijin ciki, da likitoci ke kira Ascaris, wanda tsawonsa kan kai santimita 35. Akwai tsutsa mai ƙugiya, wadda 'ya'yanta ke huda fatar ƙafa su shiga, ta maƙale a bangon hanji tana tsotsar jini har ta jawo ƙarancinsa. Akwai kuma wata 'yar ƙarama mai suna Strongyloides. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa.

Na biyu su ne waɗanda ƙwari ke yaɗawa: tsutsar tundurmi da gwaiwa, wadda sauro ke ɗauka, da tsutsar makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke ɗauka. Na uku su ne tsutsotsin dabbobi da ke ɓatan hanya su shiga mutum, kamar Toxocara ta karnuka da kyanwoyi. Kurkunu ma ɗan wannan babban dangi ne, amma an tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013, kuma shi da ido ake ganin fitowarsa.

Yanayin Sakkwato yana da tasiri a nan. Zafin rana da bushewar ƙasa na tsawon watanni suna kashe ƙwai da 'ya'yan tsutsa da yawa, abin da ya sa ba su yin ƙarfi kamar a dazuzzukan Kudu. Amma fadama ba ta bushewa. Manomin rani a Kwalkwalawa, mai shinkafa a Wurno, da mai ban ruwa a ƙasan madatsar Goronyo suna wuni ƙafa ba takalmi a cikin danshi, kuma inda ake bahaya a fili, nan ne hanyar tsutsa take buɗe.

Yadda ake yin gwajin

Hanyar da ta fi shahara ita ce ELISA, wadda masana biyu, Engvall da Perlmann, suka fito da ita a Suwidin a 1971. Ana amfani da wani faranti na roba mai ƙananan ramuka 96, kowane rami an shafe shi da antijin ɗin tsutsar da ake nema. Sai a zuba ruwan jinin majinyaci a bar shi ya ɗan jima, a wanke, a ƙara wasu sinadarai. Idan akwai antibodi, zai manne, ruwan ramin ya sauya launi, na'ura ta auna ƙarfin launin. Aikin yana bukatar firji da wutar da ba ta yankewa, da kayan da yawanci daga waje ake sayowa, da ƙwararren ma'aikaci.

Akwai kuma na gaggawa mai kama da na maleriya: a soki ɗan yatsa, a ɗiga jini, a jira 'yan mintoci. A binciken ƙauyuka kuwa, akan ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, a shanya a inuwa, a ƙulle a leda tare da abin tsotse danshi, a aika babban ɗakin gwaji.

Kowace hanya aka bi, iyakoki huɗu suna nan. Antibodi ba ya fitowa nan take, sai bayan makonni da shigar tsutsa. Yakan daɗe a jini watanni ko shekaru bayan ta mutu. Tsutsotsin 'yan uwan juna ne, don haka antibodin wata kan manne wa antijin ɗin wata, gwaji ya ɗora laifi a kan wadda ba ta nan. Sannan mutumin da garkuwarsa ta yi rauni yana iya ɗauke da tsutsa jingim amma jikinsa ya kasa ƙera antibodin da za a gani.

Akwai wani gwajin da ake rikita shi da wannan. A ƙidayar ƙwayoyin jini da ake yi a kusan kowane asibiti, akan ga yawan wasu fararen ƙwayoyi masu suna iyosinofil. Hauhawarsu tana sa likita ya yi zargin tsutsa, amma asma da borin jini ma suna ɗaga su. Ishara ce kawai, ba hukunci ba.

Inda bayan gida ya fi jini

Macen macijin ciki ɗaya tana iya zuba ƙwai har 200,000 a rana, kuma duka da bayan gida suke fita. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai ɗebi ɗan kaɗan da tsinke, ya dama da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, ya leƙa madubi. Ƙwan macijin ciki yana da kauri da gurzajjen baya, na mai ƙugiya siriri ne garai-garai, kowanne da kamanninsa. Cikin ɗan lokaci an san irin tsutsar, an san tana raye, har ana iya ƙiyasta yawanta.

Gwajin antibodi ba zai ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi ba. A wurin da kusan kowa ya taɓa yin tsutsa yana yaro, zai nuna alama a jikin mai ciwo da mai lafiya baki ɗaya. Saboda haka ba a dogara da shi wajen gano macijin ciki ko mai ƙugiya. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don a duba masa irin waɗannan a jini, ya bar gwaji mai araha da inganci ya kama mai tsada da shakku.

Inda jini ya zama dole

Strongyloides ta sha bamban da 'yan uwanta. Tana iya hayayyafa a cikin jikin mutum ba tare da ta koma ƙasa ba, 'ya'yanta su huda hanji su sake zagayowa, ta haka ta zauna shekaru gommai shiru. 'Ya'yan da take fitarwa a bayan gida kaɗan ne, kuma ba kullum ba, don haka gwaji ɗaya yakan wuce ta. A nan antibodi ya fi kama ta. An ƙiyasta masu ɗauke da ita a duniya tsakanin miliyan 300 zuwa 600.

Haɗarinta yana bayyana ne ranar da garkuwa ta faɗi. Idan aka ba mai ɗauke da ita magungunan da ke danne garkuwa, irin su dexamethasone da prednisolone, ko maganin daji, ko aka yi masa dashen ƙoda, 'ya'yan tsutsar kan ɓarke su mamaye huhu da sauran sassan jiki, su kwaso ƙwayoyin cutar hanji su zuba a jini. Da yawa daga waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi. Shi ya sa a asibitocin ƙasashe da dama ake gwada jinin duk wanda ya taɓa zama a yankin da take kafin a fara masa irin wannan magani.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Dexamethasone yana cikin ƙwayoyin da ake sha ba da umarnin likita ba don neman ƙiba, waɗanda ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", kuma akan cusa irinsa a haɗe-haɗen maganin ciwon gaɓoɓi. Mai shan su bai san abin da ke kwance a hanjinsa ba. Ƙari a kan haka, albendazole da aka saba sha na tsutsa ba ya kawar da Strongyloides yadda ya kamata. Ivermectin ne maganinta.

Toxocara kuwa ba ta girma a jikin mutum, ballantana ta yi ƙwai. Yaro ya ci ƙasar da kare ko kyanwa suka ɓata, 'ya'yan tsutsar su yi ta yawo a hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Ko sau nawa aka duba bayan gidansa ba za a ga komai ba. Antibodi, haɗe da alamomin ciwon, shi ne babban madogarar likita.

Gwajin da ake yi wa gari

Wurin da antibodi ya fi nuna ƙimarsa shi ne auna lafiyar al'umma. Abin da ya zame masa aibi a kan mutum ɗaya, wato riƙe tarihin abin da ya wuce, shi ne ƙarfinsa a nan.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan waɗanda makantar kogi ke yi wa barazana. Tun 1987 kamfanin Merck yake ba da ivermectin kyauta da sunan Mectizan. Maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, iyayen kuwa suna iya rayuwa har shekara 15, don haka dole a yi ta rabo shekara bayan shekara. Mutanen karkara sun san mai rabon da sandarsa mai launi-launi da yake auna tsayi da ita kafin ya ƙirga ƙwayoyi. To, yaushe za a daina? A da, sai a yanki 'yar ƙaramar fata a saman ƙugu a jiƙa a ruwan gishiri a ga ko 'ya'yan tsutsa za su fito, hanyar da mutane ba sa so, kuma ba ta kama cutar idan ta yi ƙaranci.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ta koma kan wani gwajin antibodi mai suna Ov16, wanda ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 10. Hikimar a fili take: dattijo yana iya ɗauke da alamar cizon da aka yi masa tun yana saurayi, amma yaron da aka haifa bayan an fara rabon magani, in an ga alama a jininsa, to cutar tana yawo har yanzu. Akan gwada yara kimanin 3,000, ana neman alamar ta gaza ɗaya cikin dubu, a kuma kama ƙudajen a bincike su. Da irin wannan shaida aka dakatar da rabon magani a Filato da Nasarawa, daga bisani Kaduna da maƙwabtanmu Kebbi da Zamfara. A ranar 30 ga Janairu, 2025, Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi.

Tundurmi da gwaiwa suna da nasu tsarin. 'Ya'yan tsutsarsu da dare suke fitowa cikin jini, lokacin da sauro ke cizo, shi ya sa a da ma'aikata kan shiga gari tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 2 don ɗibar jini. Yanzu akwai ɗan tsinken gwaji da ke kama antijin ɗin uwar tsutsar a kowane lokaci, kuma da shi ake gwada yara 'yan shekara 6 zuwa 7 kafin a tsayar da rabon magani a ƙaramar hukuma. A Jihar Sakkwato ma'aikatar lafiya ta daɗe tana irin waɗannan ayyuka da tallafin ƙungiyar Sightsavers. Ya kamata a sani cewa mai kumburarriyar ƙafa yana iya yin gwaji a ga babu komai, domin tsutsar ta mutu tuni, ɓarnar da ta yi wa hanyoyin ruwan jiki ce ta rage.

Inda masana suka saɓa

Wani ɓangare yana ganin gwada mutum ɗaya-ɗaya ɓata dukiya ne a inda tsutsa ta yawaita. Ƙwayar albendazole tana da araha da sauƙin sha, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba yara sau ɗaya a shekara idan masu tsutsa sun kai 20 cikin 100, sau biyu idan sun haura 50. Kuɗin gwaji ɗaya zai wadaci yara da dama da magani. Wasu likitocin ma sun fi son a ba da ivermectin kai tsaye ga wanda za a ɗora a kan maganin danne garkuwa, maimakon jiran sakamakon da ba lalle a samu ba.

Ɗaya ɓangaren yana cewa magani ba gwaji tafiya ce a cikin duhu. Likitocin dabbobi sun ga yadda tsutsotsin tumaki da awaki suka daina jin magungunan da aka yi ta ɗura musu, kuma ana fargabar hakan a mutane. Ivermectin ma ba kowa ake ba ba: ana keɓe mai juna biyu da ƙananan yara, kuma yana da haɗari ga wanda jininsa ya cika da tsutsar Loa loa ta dazuzzukan Kudu da Kamaru, abin lura ga 'yan ci-rani da fatake.

Saɓani na uku a kan ingancin kayan gwajin ne. An tsara da yawansu don matafiyan Turai da Amurka, waɗanda jikinsu bai taɓa sanin tsutsa ba. Sakamakonsu a jikin wanda ya tashi a bakin Gulbin Rima yana bukatar a tantance shi a nan gida. Wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, inda ake horar da likitocin mutane da na dabbobi da masana ɗakin gwaji a gari ɗaya.

Abin da zai iya biyo baya

Ga misali na lissafi kawai. A ce cikin mutum 1,000 goma ne ke da wata tsutsa, gwajin kuma yana kama tara daga cikinsu, yana kuma yin kuskure a kan biyar cikin kowane ɗari na masu lafiya. Zai nuna alama a kan masu lafiya kusan 50, ga masu cutar tara. Ke nan cikin mutum kusan 59 da za a ce suna da ita, tara ne kawai na gaskiya. Duk lokacin da cuta ta yi ƙaranci, yi wa kowa gwaji barkatai yana ƙara yawan waɗanda za a tsorata a banza.

Illar ba ta tsaya a aljihu ba. Wanda aka ce tsutsa ce ke damunsa alhali gyambon ciki ne, ko tarin fuka, ko ciwon suga, zai ɓata watanni yana bin abin da ba shi ne ba. A ɗaya gefen, rashin gwajin a inda ya wajaba yana iya sa a rasa majinyacin da ƙwayoyi kaɗan za su tserar. A matakin al'umma kuma, idan iyaye suka hana a ɗiga jinin yaransu saboda jita-jita, hukuma za ta rasa hujjar tsayar da rabon magani, ko ta tsayar kafin lokaci cutar ta dawo.

Abin da ya kamata

Majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: "Likita, wannan gwajin tsutsar yake nema, ko alamar da ta bari? In ya nuna akwai, me zai sauya a maganina?" Idan aka bukaci bayan gida, a kai shi da wuri, sabo, har sau biyu ko uku in an nema. Wanda ya yi noman fadama ko ya zauna a Kudu ya faɗa wa likita kafin a ɗora shi a kan maganin danne garkuwa. Kada wanda ya warke ya ruɗe don an sake ganin antibodi, domin saukarsa kan ɗauki watanni.

Masu ɗakunan gwaji su tsaya kan kayan da NAFDAC ta yi wa rajista, su rubuta a takardar sakamako cewa antibodi aka nema, hukumar da ke kula da sana'arsu kuma ta sa ido. Hakimai da limamai da malaman makaranta su samu cikakken bayani kafin masu bincike su shiga gari, domin su jama'a ke saurara. Gwamnati kuwa ta tuna cewa gwaji, kowane iri ne, ba ya hana tsutsa shiga jiki. Masai a kowane gida da makaranta, ruwa mai tsabta, takalmi a gona, da gidan sauro su ne ke rage masu bukatar gwajin tun farko.